Othello: jahilci ne ya kashe Desdemona, ko kishi, ko cin amanar Iago?

Ɗaliba_Zazzau:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu karatun adabi ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai. An ba mu aiki a kan wasan kwaikwayon Othello na Shakespeare, aka ce mu tattauna jigogi uku, jahilci da makauniyar soyayya da cin amana, mu kuma faɗi wanne ya fi ƙarfi wajen jawo abin da ya faru a ƙarshe. Cin amana dai ba sai an sha wahalar nema ba, ga Iago, mai riƙe wa Othello tuta a soja, nan tun fitowar farko yana faɗa da bakinsa cewa bin Othello da yake yi don ya samu hanyar cutar da shi ne. Kishi ma a fili yake. Jahilcin ne na kasa ganowa, don ni dai wlh ban ga jahili a Othello ba. Mutum ne fa da gwamnatin Venis ta dogara da shi, da labari ya zo Turkawa sun nufi Kubrus cikin dare aka tura a nemo shi, shi da kansa ya ce tun yana shekara 7 yake fagen fama, an taɓa kama shi aka sayar da shi bawa aka zo aka fanso shi, ya ga duniya, kuma lokacin da surukinsa Brabantio ya kai shi gaban majalisa yana cewa asiri ya yi wa 'yarsa Desdemona, yadda ya tsaya ya kare kansa a natse ba hayaniya ba zagi ko wani babban lauya sai haka. To ta yaya irin wannan mutum hankici guda, da Iago ya kafa masa hujja da shi cewa matarsa na cin amanarsa da mataimakinsa Cassio, zai sa ya toshe mata numfashi a kan gadonta? Ni abin ma har haushi yake ba ni idan ina karanta fitowa ta 3 a kashi na 3, a farkon fitowar yana cewa in ya daina sonta duniyarsa ta rushe, kafin a gama fitowar ya durƙusa yana rantsuwar zai kashe ta. Ina jahilcin yake a nan, ko dai kishin ne kawai ake sake masa suna? Na gode.

MalamAdabi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na koyar da wasan nan lokacin da WAEC ta sa shi a manhajar adabin Turanci daga 2016 zuwa 2020, kuma yawancin ɗalibai a daidai nan suke tsayawa.

Abin da zan ce miki shi ne ki ɗauko takarda ki rubuta abin da Othello ya sani da abin da bai sani ba. Ya san yaƙi, babu gardama. Amma matarsa fa? Yadda suka haɗu kenan, babanta yana gayyatarsa gida yana tambayarsa labarin rayuwarsa, ita kuma tana saurara tana tausaya masa, shi da kansa ya gaya wa majalisa ta so shi ne saboda wahalhalun da ya sha, shi kuma ya so ta saboda ta tausaya masa. An ɗaura aure a ɓoye, a daren nan aka ce ya tafi Kubrus, ko jirgi ɗaya ba su shiga ba, Iago ya bar wa amanar kawo ta. Ma'ana bai taɓa zama da ita ya ga halinta na yau da gobe ba, bai san cewa ita mutum ce mai naci idan ta ɗauki alkawarin taimakon wani, shi ya sa da ta dage a kan a mayar da Cassio aikinsa sai ya karanta abin a baibai.

Na biyu bai san mutanen Venis ta ciki ba, baƙo ne ɗan Afirka da suke girmamawa don takobinsa, amma da ya auri 'yarsu kin ga irin maganganun da aka yi a ƙofar gidan Brabantio. Iago nan ya kama, ya ce masa ni ɗan gari ne na san matanmu, ba barin abin suke yi ba ɓoyewa suke yi, kuma ai ta yaudari babanta ta aure ka. Wannan maganar ta ƙarshe ba Iago ya ƙirƙiro ta ba, Brabantio ne ya fara jefa masa ita a gaban majalisa yana fita, Iago dai ya ajiye ta har ranar da za ta yi amfani. Othello ba shi da uwa ko yaya ko wani dattijo nasa a garin da zai je ya ce wai haka ne, sai ya koma yana tuhumar kansa, ko don ni baƙi ne, ko don ban iya zaƙin bakin 'yan birni ba, ko don shekaru sun ja.

Amma abin da ya fi komai a wurina ba na Othello kaɗai ba ne, kowa a wasan yana riƙe da guntun gaskiya bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Emilia, matar Iago mai yi wa Desdemona hidima, ta san ita ta tsinci hankicin ta ba mijinta. Cassio ya san a ɗakinsa ya tarar da shi bai san na wa ba ne, har ya ba budurwarsa Bianca ta kwafe masa adon jiki. Roderigo, ɗan Venis da ke son Desdemona, ya san Iago ne ya sa shi ya tsokani Cassio ranar da aka bugu aka yi faɗan da ya jawo aka ji wa tsohon gwamnan Kubrus Montano ciwo aka tuɓe Cassio. Desdemona ta san ba ta yi komai ba amma ba ta san da wa ake zarginta ba, don sunan Cassio bai fito daga bakin mijinta a matsayin tuhuma ba sai tana kan gadon mutuwa. Da mutanen nan huɗu sun zauna ɗaki ɗaya na minti goma shi kenan an gama, Iago ne kaɗai yake magana da kowa shi kaɗai a gefe, kuma kowa na kiransa mai gaskiya.

Ki kuma lissafa lokacin. Sun sauka Kubrus guguwa ta riga ta tarwatsa jiragen Turkawa babu yaƙi, a daren aka yi shagali Cassio ya bugu, washegari Iago ya fara zuba dafinsa, idan kika bi fitowa-fitowa kisan bai wuce daren da ya biyo baya ba. Cassio kuma a wani jirgin daban ya zo. To yaushe ma aka samu sararin yin abin da ake zargi? Mutumin da ke tsara rundunar yaƙi bai tsaya ya yi wannan ɗan lissafin ba. Ni a nan nake ganin jahilcin, kuma shi nake sa wa gaba a cikin ukun, don da shi Iago ya yi aiki.

Ɗan Birni:

Allah gafarta Malam, bayaninka ya gamsar ta wani ɓangaren amma gaskiya ni ban yarda a sauƙaƙa wa Othello haka ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Rashin sani uzuri ne ga wanda ba shi da hanyar sani, shi kuwa shi ne gwamnan tsibirin gaba ɗaya, in ya ce a kawo Cassio yanzu-yanzu za a kawo shi.

Ku tuna abin da ya faru a Venis. Da aka tuhume shi da asiri me ya ce? Cewa ya yi a aika a kira Desdemona ta yi magana a gaban babanta, in ta ce ya cuce ta a karɓe muƙaminsa a yanke masa hukunci har na kisa. Aka kira ta, ta yi bayani, ya kuɓuta. Wato ya san sarai yadda ake shari'a, ya san ba a hukunta mutum da zato, shugaban majalisar ma ya gaya wa Brabantio cewa faɗa kawai ba hujja ba ce. Shi ya ci moriyar wannan adalcin da bakin matar nan. Amma da abin ya juyo kanta tana roƙonsa a kira Cassio a tambaye shi, sai ya ce ai an riga an rufe masa baki, ta ce ka kore ni kar ka kashe ni, ta ce bar ni zuwa gobe, ta ce rabin awa, ta ce bari in yi addu'a ɗaya, duk ya ƙi. Wannan ba rashin sani ba ne Malam, ƙin sani ne.

Kuma ba a ce bai tambayi kowa ba, a kashi na 4 ya tsare Emilia ya yi mata tambayoyi, ta rantse masa da ranta cewa ba ta taɓa barin Desdemona da Cassio su biyu ba ba ta taɓa ganin komai ba, tana fita ya ce ai kawaliya ce dole ta faɗi haka. To me ya rage? Shaidar da ta wanke matar ya yi watsi da ita, mafarkin da Iago ya ce wai ya ji Cassio yana yi cikin barci kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ya ce sai ya gani da idonsa, abin da ya gani kuwa daga maɓoya shi ne Cassio yana dariya, bai ma ji sunan wadda ake magana a kanta ba, alhali zancen Bianca ake yi.

Mu da muka taso da aya ta 6 a Suratul Hujurat, cewa in fasiƙi ya zo da labari a bincika kar a cuci mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama, da kuma hukuncin shaidu huɗu da li'ani a Suratun Nur, wlh in muna karanta wasan nan abin ya fi yi mana ciwo, don ko miji ya ce ya gani da idonsa ba a ba shi wuƙa ba, rantsuwa ake sa su a raba su. Ni dai in ni ke rubuta aikin nan son zuciya da girman kai zan sa a gaba, don abin da ya fi damunsa har da cewa za a nuna shi da yatsa a yi masa dariya.

Maman Biyu:

Ƙanwata duk kun tattara a kan maza biyun, ni kuma matan ne suka tsaya min. In ana maganar cin amana kowa Iago yake kallo, amma wanda ya fi sosa min rai na Emilia ne, ba don muguwa ce ba, a'a tana son uwar ɗakinta tsakani da Allah. Hankicin ya faɗi ne lokacin da Desdemona ke ƙoƙarin ɗaure wa mijinta kai da ya ce yana ciwo, ya ture ya ce ya yi kaɗan. Emilia ta tsinta, ta san kyautarsa ce ta farko gare ta, ta san yadda take ji da shi, amma ta miƙa wa Iago don ya daɗe yana damunta ta sato masa kuma tana neman ya ɗan sake mata fuska. Bayan nan Desdemona ta tambaye ta ina hankicina, ta ce ban sani ba, kuma tana tsaye a wurin Othello ya zo yana ta da jijiyar wuya a kan hankicin nan yana ba da labarin wata 'yar Masar ce ta ba mahaifiyarsa, ta ji komai ta yi shiru. Har ta zo tana tsine wa duk munafukin da ya haɗa wannan sharri a gaban mijinta, ba ta kawo a ranta shi ne ba. Mace ta zauna da mutum shekara da shekaru ba ta san wa take aure ba, wannan ma ai yana cikin abin da Malam ke faɗa.

Amma kuma ita ce ta fasa ƙwan a ƙarshe, mijinta na ce mata ta rufe baki ta tafi gida ta ce ba za ta tafi ba sai ta faɗa, ya soke ta ta mutu kusa da uwar ɗakinta. Duk sojoji da manyan da ke wurin babu wanda ya yi jarumtar da ta yi.

Makauniyar soyayya kuma ni a wurin Desdemona na fi ganinta. Mutum ya mare ki a gaban ɗan uwanki Lodovico da ya zo da takarda daga Venis, ya kira ki da sunan banza, kina ta ba shi uzuri, tun kafin nan ma kina cewa wai ƙila harkar mulki ce ta ɓata masa rai. Da ya tambayi hankicin da ta ce ya ɓata ina nema ƙila da an samu wata magana, tsoro ya sa ta ce bai ɓata ba ta kuma sake sako zancen Cassio a daidai lokacin da bai kamata ba. Har da ta farfaɗo na ɗan lokaci Emilia ta tambaye ta wa ya yi miki haka, ta ce ba kowa ni ce, a gaishe min da mijina. Ni wannan wurin ba ya burge ni kamar yadda wasu ke yabawa, tausayi yake ba ni, yarinya ce da ta bar gidan ubanta ba da yardarsa ba, ba ta da inda za ta yi yaji, uban ma baƙin ciki ya kashe shi kamar yadda baffanta Gratiano ya faɗa. Kuma abin da ke ƙona min rai, an mare ta a bainar jama'a Lodovico ya yi mamaki ya ce ko a Venis ba za a yarda ba, amma daren nan aka bar ta ta koma ɗakin ita kaɗai.

Kar ki manta da Roderigo shi ma, ya sayar da gonakinsa ya bi matar aure har Kubrus yana ba Iago kuɗi da kayan ado wai a kai mata, ko ɗaya bai isa hannunta ba.

Ɗaliba_Zazzau:

Kai na gode ƙwarai Malam, na gode Anti, Yaya Ɗan Birni maganar majalisar nan ta shige ni sosai. Saura abu ɗaya, shi Iago me aka yi masa ne haka? Don muƙami kawai mutum zai hallaka mutane har da matarsa?

MalamAdabi:

Dalilansa suna canzawa ne ƙanwata. Da farko ya ce an ba Cassio ɗan Fulorens mataimaki alhali a littafi kawai ya san yaƙi, shi da ya yi fama a Rodes da Kubrus aka bar shi a mai riƙe tuta duk da manyan gari uku sun yi masa kamun ƙafa. Daga baya ya ce ana raɗe-raɗin Othello ya nemi Emilia, ya kuma faɗa da bakinsa cewa bai tabbatar ba amma zai yi aiki da zargin kamar tabbas ne. Can kuma ya ce yana zargin Cassio ma da ita. Kusa da ƙarshe ya ce kyawun halin Cassio ne yake sa shi ya zama mummuna. Kuma ki lura muƙamin ya same shi tun ƙarshen fitowa ta 3 a kashi na 3, bai tsaya ba.

In kina son ki ga abin da Shakespeare ya yi da gangan, labarin ba nasa ba ne, daga littafin wani ɗan Italiya Cinthio ya ɗauko wanda aka buga a 1565, shi kuma wasan an yi shi a fadar Sarki James ranar 1 ga Nuwamba 1604. A na Cinthio dalilin a fili yake, mai riƙe tutar son matar yake yi ba ta kula shi ba sai son ya koma ƙiyayya, shi da kansa ya zare hankicin tana ɗauke da 'yarsa ƙarama, kuma su biyu suka kashe ta da safa cike da yashi suka rufto rufin ɗaki a kanta don a ce tsautsayi ne. Shakespeare ya mayar da wannan dalilin gefe, ya sa hankicin ya bi ta hannun Emilia, ya sa Othello ya yi kisan da hannunsa, sannan da aka kama Iago aka tambaye shi don me, ya ce kar a tambaye shi komai daga yanzu ba zai ƙara magana ba. Takardun da aka samu a aljihun gawar Roderigo ne suka cike sauran bayanin.

Ɗan Birni na karɓi maganarka ta Emilia da ya tambaya ya ƙi yarda, amma kafin nan ai ya riga ya faɗi ya suma, ba mutumin da ya tsaya a majalisa ba ne kuma.

Bagalme:

Malama in an yarda ki kawo misali daga namu ki duba Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, cikin littattafan zube na farko na shekarun 1930. Attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya aure Zainab da Abubakar ke so, Abubakar ya bar komai ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, sharrin ya sauka a kan ɗan da aka haifa ya zama ɓarawo har ya kashe ubansa bai san shi ba ne. Bambancin da nake gani shi ne Abubakar an cuce shi da gaske kowa ya san dalilinsa, yaron kuma ba shi da hanyar sanin wanda ke gabansa, shi ya sa ya fi Othello ba ni tausayi.

Ɗan Birni:

Malam suman ma ai bayan ya riga ya ba da umarni a kashe Cassio cikin kwana uku ne, yana cikin hayyacinsa ya faɗa, kuma bayan ya farfaɗo shi ya nemi a samo masa guba Iago ya ce a'a shaƙe ta a gadon. Ki duba jawabinsa na ƙarshe ma ƙanwata kafin ya soki kansa, ya fara da tuna musu hidimar da ya yi wa ƙasa, ya ce a ba da labarinsa a matsayin wanda ya yi so fiye da kima kuma ba mai saurin kishi ba, ya rufe da labarin wani Baturke da ya kashe a Halab don ya zagi Venis. Sunan Desdemona bai fito a jawabin ba ko sau ɗaya, Emilia da ke kwance a wurin saboda gaskiyar da ta faɗa ma bai ambace ta ba. Ki sa wannan a aikinki ki ga me malaminku zai ce.